Martani: Cunkoson Tafki Ba Ya Haifar da Dalma a Jikin Jatan Lande

Kwanakin baya wani marubuci da nake ganin girmansa ya fitar da makala a kan kiwon jatan lande a ƙasashen Asiya. Abin da ya tsaya a kai shi ne, da zarar an cika tafki da jatan lande fiye da kima, namansu kan tara ƙarafa masu guba irin su dalma da zaiba da kadmiyom, wanda kuwa aka kiwata a sake cikin tafki mai faɗi shi ne mai tsabta. A kan wannan ya ɗora shawara biyu. Ya ce mai saye ya riƙa tambayar yawan da aka zuba a tafki, sannan ya ce masu kiwon tarwada na nan gida su rage rabin kifin da suke zubawa in har suna son kare lafiyar jama'a. Ban yi shakkar kyawun niyyarsa ba. Amma hujjar ta karkace tun daga tushe, kuma abin da ya fi damuna shi ne wannan shawara za ta kwantar wa mutane da hankali a daidai inda ya kamata su buɗe ido.

Dalma da kadmiyom ma'adinai ne, ba sa hayayyafa kamar ƙwayar cuta. In babu su a tafki, ko jatan lande miliyan goma aka zuba ba za su samu ba. Dole sai sun shigo, kuma ƙofofinsu sanannu ne: ruwan da aka jawo, ƙasar da aka haƙa tafkin a ciki, da abin da mai kiwo ya zuba da hannunsa, wato abinci da taki da magani. Wanda ya tara raguna ashirin a garken da ya kamata ya ɗauki goma zai ga tari da zawo da rama, amma ba zai ga dalma a hantarsu ba sai in tana cikin dusa ko ruwan da suke sha. Makalar Malam marubucin ta yi ta ƙirga kawuna, ba ta leƙa ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi ba.

Mu duba lissafin da kansa. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa kiwon farin jatan lande, wanda ya fi kowane iri yawa a kasuwar duniya, gida huɗu. Akwai kiwon sake, inda ake zuba 4 zuwa 10 a kowane murabba'in mita. Akwai matsakaici, 10 zuwa 30, irin wanda aka fi yi a Ekwado, ƙasar da ta fitar da sama da tan miliyan ɗaya a 2022. Akwai kiwon cunkoso, 60 zuwa 300, wanda ya yaɗu a Tailan da Indonesiya da sassan Biyetnam, sai kuma na ƙarshe mai haura 300. Hekta ɗaya ta kiwon cunkoso tana iya ba da tan 15 a girbi ɗaya, kuma tun da kowane kilo na jatan lande yana cin kusan kilo ɗaya da rabi na abinci, an zuba wa wannan tafki sama da tan 20 na abinci ke nan cikin wata uku zuwa huɗu. Adadi ne mai tayar da hankali in aka dube shi ta fuskar tafkin. Amma ta fuskar jatan lande guda ɗaya, abin da ya ci daga buhu bai ƙaru ba. In buhun yana da kadmiyom, da wanda ke cikin cunkoso da wanda ke da fili duk sun haɗiye shi. In buhun mai tsabta ne, duk sun tsira.

Ta ɓangaren ruwa ma lissafin yana iya juyawa Malam baya. A tafkin da aka cika sau ɗaya aka rufe, ba a yawan canza masa ruwa, ƙarfen da ya shigo da ruwan yana da iyaka. In dubu ɗari ne suka raba shi, rabon kowa ya fi wanda zai samu in miliyan ɗaya ne suka raba.

To, me ya sa wasu gwaje-gwaje kan nuna ƙarfe ya fi yawa a tafkin da ya fi cunkoso? A irin wannan gwaji ba a ƙara yawan dabba kaɗai. Duk tafkin da aka ninka wa jatan lande an ninka masa abinci, an ƙara masa injin kaɗa ruwa, sau da yawa an ƙara masa magani. Abubuwa uku ko huɗu sun motsa tare, sai a ɗora wa ɗaya laifin duka. Akwai kuma batun girma. Jatan landen da ke cikin matsi yakan yi jinkirin girma, wanda kuwa ya girma da sauri sabon naman da ya ɗora yakan tsarma abin da ya tara, sai awo ya nuna ƙasa a kowane kilo. Mai bincike na gaskiya yakan kwatanta masu girma ɗaya, ya auna abincin, ya auna ruwan shiga, ya auna lakar ƙasa, kafin ya furta hukunci. Malam ya kawo mana lambobin nama kawai.

Inda na fi jin zafin makalar shi ne wanke kiwon sake da ta yi. Tafkin kiwon sake a Kulna da Satkira na Bangaladash, ko a bakin kogin Mekon, fili ne na laka da aka kewaye da ganuwar ƙasa. Ana buɗe masa ƙofa in teku ta cika, ruwan kogi ya shigo, a sake buɗewa ya fita. Jatan landen da ke ciki ba ya dogara da buhu. Yana tonon laka ne, yana cin tsutsa da ruɓaɓɓen ganye da ƙananan halittun ƙasa, kuma yakan daɗe a tafki fiye da na cunkoso. Wato duk abin da kogin ya kwaso daga masana'antu da gonaki da magudanan birni, wannan dabba ce ta fi kusa da shi, kuma ita ce ta fi daɗewa tana cuɗanya da shi. In kogin mai tsabta ne, alhamdu lillahi, an samu nama mai kyau, kuma akwai irin waɗannan wurare da yawa, kamar tafkunan cikin dazuzzukan bakin teku na lardin Ka Mau. Amma tsabtar ta kogin ce. Ƙarancin dabba bai tace komai ba.

Ƙasar da aka haƙa ita ma tana da nata labarin. A ƙarƙashin dazuzzukan bakin teku da ake kira mangurob akwai laka mai ɗauke da wani ma'adini na baƙin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana nitse cikin ruwa ba ya cutar da kowa. Ranar da aka sare dajin aka haƙa tafki iska ta taɓa shi, sai ya koma asid. Ma'aunin tsami na pH yakan faɗi ƙasa da 4, kuma wannan tsami yana narkar da baƙin ƙarfe da alminiyom da manganis da sauran ƙarafan da ke daskare cikin ƙasa, su bi ruwan sama su gangaro tafki. Masu kiwo sun san alamarsa: jan tsatsa a gefen ganuwa, rawayan tabo a busasshiyar laka, da jatan lande mai toshewar gaɓoɓin numfashi. Kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙasar bakin kogin Mekon irin wannan ce, shi ya sa ake zuba farar ƙasa tan-tan kafin a sa iri. Tafkin da aka haƙa a nan, ko jatan lande biyar ne a murabba'in mita, suna cikin wannan ruwa. Na kusa da shi da aka shimfiɗa wa baƙar leda mai kauri, mai ɗari biyu a murabba'in mita, ko taɓa ƙasar ba sa yi.

Sai gishiri. Kadmiyom a ruwan teku yakan ɗaure da gishirin, ya zama da wuya jiki ya zuƙe shi. In gishiri ya yi ƙasa, kamar lokacin damina ko a tafkunan cikin tudu da ake haɗa wa ruwa mai ɗan gishiri kaɗan, sai ya saki, ya shiga jiki da sauƙi. Tafki biyu masu cunkoso iri ɗaya, masu kadmiyom iri ɗaya a ruwa, za su iya ba da sakamako daban saboda wannan kawai.

Ba zan ce cunkoso ba shi da hannu ko kaɗan ba, don yana da shi, kuma da Malam ya bi ta nan da mun haɗu. Hannunsa yana cikin dagwalon da ke taruwa a ƙasan tafki. Binciken da Briggs da Funge-Smith suka wallafa a 1994 kan tafkunan cunkoso na Tailan ya nuna abin da jatan lande ke fita da shi a jikinsa na sinadarin naitirojin da aka zuba bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Saura yana ruwa da laka. Abincin kamfani kuwa ana sa masa jan ƙarfe da tutiya da gangan, domin dabbar tana bukatarsu, kuma abin da ba ta riƙe ba yana sauka ƙasa tare da kashi da ragowar abinci da saɓar da take yi. Wasu masu kiwo suna ƙara wa wannan shuɗin sinadarin jan ƙarfe don kashe gansakuka, takin fosfet da ake zubawa kuma yakan zo da ɗan kadmiyom. Girbi bayan girbi, ƙasan tafkin da ba a share ba sai ya zama ma'ajiya.

Amma ko a nan al'amarin yana da lauje cikin naɗi. Baƙin dagwalo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai yana cike da farar wuta, ita kuma tana kama kadmiyom da dalma da jan ƙarfe ta daskarar da su, ba sa narkewa. A lokaci guda rashin iskar yana sakin baƙin ƙarfe da manganis da arsenik, kuma a irin wannan laka ne wasu ƙwayoyin halitta ke mayar da zaiba zuwa nau'inta mafi haɗari. Wato dagwalo ɗaya yana ɗaure wasu yana kwance wasu. Waɗanda ya ɗaure ɗin kan kuɓuce ranar da aka tona shi iska ta shige shi, musamman in an watsa shi a magudanar da kowa ke ɗiban ruwa. Wa ke ɗiba daga wannan magudana in teku ta cika? Ƙaramin mai kiwon sake da ke ƙasa, wanda ba shi da tafkin tace ruwa. Sau da yawa ƙazantar babbar gona a tafkin maƙwabci take kwana, a cikin jatan landen da Malam ya ce mu saya ido rufe. Wannan zalunci ne na gaske, kuma ya cancanci makala guda.

Maganin dagwalo kuwa an san shi. Bayan cutar mutuwar wuri da ta ɓulla a Sin a 2009 ta isa Tailan a 2012 ta karya fiye da rabin abin da ƙasar ke samarwa, manoma da yawa sun sake fasalin gonakinsu. Sun ƙanƙanta tafki, sun shimfiɗa leda, sun haƙa rami a tsakiya inda injinan kaɗa ruwa ke tara ƙazanta a zuƙe ta kullum, sun ware wani sashe na gonar don ajiye ruwa da tace shi. Cuta suke gudu, amma tsarin ya raba jatan lande da laka. Da yawansu ba su rage cunkoso ba.

Ƙofar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce buhun abinci. Akwai wani gari da ake yi da kayan cikin sikwid, wata halittar teku, ana sa shi a abincin jatan lande don ƙamshinsa yana jawo su ci. An daɗe da sanin cewa hantar sikwid na tara kadmiyom sosai, don haka yawan da aka sa da inda aka samo shi suna da tasiri kai tsaye. A Dakka kuwa, shekaru da dama ana dafa yankakken ragowar fata daga majemun unguwar Hazaribag, a busar, a niƙa, a sayar a matsayin abincin kaji da kifi, alhali fatar an jeme ta da kuromiyom. Sai da babbar kotun ƙasar ta hana wannan sana'a a 2011, aka kuma tashi majemun zuwa Sabar a 2017. Duk wanda ya san Challawa da Sharaɗa a Kano ya san irin ruwan da jimar zamani ke fitarwa. Dabbar da aka ciyar da wannan gari za ta ɗauki kuromiyom ko ita kaɗai ce a tafki.

Wani abin da makalar ta yi shi ne zuba dukan ƙarafa a kwando ɗaya. Jinin jatan lande da jan ƙarfe yake ɗaukar iska, kamar yadda namu ke yi da baƙin ƙarfe, shi ya sa yake da shuɗi-shuɗi. Samun jan ƙarfe a jikinsa halitta ce, kuma jikin yana daidaita shi da tutiya, yana fitar da rarar, sai in abin ya wuce gona da iri. Arsenik ɗin da ake samu a naman halittun teku galibinsa wani nau'i ne da jikin mutum ke fitarwa ta fitsari, daban da na rijiyoyin Bangaladash da ya addabi miliyoyin mutane. Zaiba kuwa, awon hukumar FDA ta Amurka ya nuna matsakaicinta a jatan lande miligiram 0.009 ne a kilo, alhali ta kifin takobi ta kusa miligiram ɗaya. Dalilin a fili yake: dabba ce mai gajeren rai, ba ta cin manyan kifaye. Wanda ya cancanci sa ido shi ne kadmiyom, don jikin jatan lande ba ya iya fitar da shi da sauri, sai ya ɓoye shi a wata gaɓa mai yi masa aikin hanta, ita kuma a cikin kai take. Dalma da manganis sun fi maƙalewa a ɓawo.

Saboda haka tambayar farko ga duk wanda ya kawo lamba ita ce, wane sashe aka auna? Dokar Tarayyar Turai, wadda aka sabunta a 2023, ta sa iyakar miligiram 0.5 a kilo ga kadmiyom, haka ga dalma, haka ga zaiba, kuma ta fayyace cewa tsokar jiki ake nufi, ban da kai. Tambaya ta biyu, ɗanye aka auna ko busasshe? Kusan kashi uku cikin huɗu na naman jatan lande ruwa ne. In aka busar da shi lambar takan ninka kusan sau huɗu ba tare da an ƙara komai ba. Wanda ya ɗauki lambar busasshen kai ya gwada ta da iyakar ɗanyar tsoka zai firgita mutane a banza. Malam bai faɗa mana ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Wannan batu na kai da ɓawo ya fi shafarmu fiye da duk tafkunan Asiya. Mutanenmu kaɗan ne ke sayen daskararren jatan lande na kanti. Abin da ke shiga tukunyarmu shi ne kirafish, wanda ake kamowa a bakin tekun Akwa Ibom da Kuros Riba, a busar ko a ƙyafe, a kawo shi kasuwannin Arewa buhu-buhu. Ba kiwata shi ake yi ba, balle a yi maganar cunkoso. Muna daka shi gaba ɗaya, kai da ɓawo da ƙafa, mu zuba a miya, har a kunun yara masu tasowa saboda amfaninsa, kuma amfanin gaskiya ne. Ba ina cewa a daina ci ba. Cewa nake in ana son kare mai cin miya a Kano ko Maraɗi, abin da za a roƙi hukumomi irin su NAFDAC su riƙa aunawa shi ne dakakken kirafish yadda ake cin sa, da ruwan da aka kamo shi, da inda aka shanya shi. Ma'aunin Malam ba shi da abin cewa a kan wannan, domin ta lissafinsa duk abin da ya fito daga buɗaɗɗen ruwa ya riga ya tsira.

In Malam yana neman laifin da zai kama cunkoso da shi dumu-dumu, akwai. Matsi yana kawo cuta, cuta tana kawo zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ciki har da haramtattu. Saboda ragowar irin waɗannan magunguna ne Tarayyar Turai ta ɗaga binciken jatan landen Indiya a 2016 zuwa rabin duk kayan da suka iso, daga kashi 10 cikin ɗari. Tun a 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarnin rufe gonakin cunkoso da ke cikin mita 500 daga bakin teku, saboda gishirin da suke sa wa rijiyoyi da gonakin shinkafa da ɓarnar da suke yi wa masunta. Waɗannan tuhume-tuhume ne masu shaida. Shari'ar ƙarfe mafi amo a 'yan shekarun nan kuwa ko kusa da tafki ba ta je ba. A watan Agustan 2025 FDA ta yi gargaɗi kan daskararren jatan lande daga Indonesiya mai ɗauke da siziyom-137, ƙarfe mai tururin nukiliya, kuma hukumomin ƙasar suka bi sawunsa zuwa unguwar masana'antu ta Cikande a lardin Banten, inda ake narkar da tsofaffin ƙarafa kusa da masana'antar da ke sarrafa jatan landen.

Na bar maganar mai tarwada zuwa ƙarshe don shi ne zai biya kuɗin wannan shawara. Mutum ne mai tankin siminti ko na tamfol a bayan gida, abinci yana cinye fiye da rabin jarinsa, ga man janareta na jawo ruwa. In ya rage rabin kifinsa, kuɗin tanki da na famfo suna nan, ribar ce ta tafi. Mai yiwuwa kifin ya fi lafiya, wannan dalili ne mai kyau na kansa. Amma in rijiyarsa tana kusa da magudanar masana'anta, ko tana yankin da ake niƙa dutsen zinariya irin na Bagega da Dareta a Zamfara, inda dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, rabin kifin da ya rage yana shan ruwan nan dai. Kuma mutumin da riba ta ragu a hannunsa shi ne ya fi saurin komawa ga abinci mai arha wanda ba a san abin da aka niƙa a ciki ba. Da Malam ya ce masa ya kai kwalbar ruwan rijiyarsa da ɗan awon abincin da yake saye ɗakin gwaji na jami'a mafi kusa kafin ya zuba iri, ya kuma daina zubar da dagwalon tankinsa a kwatar unguwa, da kuɗin da zai kashe bai kai asarar girbi ɗaya ba.